Tafinta mai kunne biyu: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu ɗaya, har na fara zargin bidiyo guda kuka kalla gaba ɗayanku: mutum sanye da hedifon, ana yi masa magana ta ko'ina da harsunan da ba ya ji, shi kuwa yana gyaɗa kai. Na tsamo guda 6. Masu tambaya kan batirin sola ku ƙara haƙuri, kuna raina.

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Chaina sau biyu a shekara sarin yadi, kuma da wayata nake fassara. In mu biyu ne da mai kaya ba laifi. Amma zuwana na ƙarshe mun zauna a ofishin wani kamfani, ga mai kamfanin, ga matarsa da ke riƙe da lissafi, ga yaron da ke kawo samfur, kowa na magana. Wayar ta cakuɗa komai, kuma murya ɗaya ce ke karanta mini, ban san wanda ya yarda da tayina ba, ban san wanda ya ce albarka ba. An ce an fito da iyafis mai raba muryoyi ya fassara kowa daban. Gaskiya ne? A ina ake sayarwa?
*Wani Alhaji daga Kantin Kwari, Kano*

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Gaskiya ne an haɗa shi, amma abin da aka nuna wa duniya a 2025 gwajin jami'a ne, ba hajar kanti ba ce. Wanda duk ya miƙo maka kwali ya ce ga shi nan, aljihunka yake hange.

Ciwon nan naka na san shi tun kafin a san wayar hannu. Na yi shekaru ina ɗaukar sauti a wani gidan rediyo. Wata rana aka tura ni zauren wani dagaci, ana sulhu tsakanin manoma da makiyaya. Makirfo ɗaya aka ba ni, na kafa shi tsakiyar tabarma. Zama ya yi zafi. Arɗo na magana ta hannun damana, wani dattijon manomi na katse shi daga bakin ƙofa, dagaci na ta cewa a yi haƙuri, bayan katanga kuma injin markaɗe na ta ruri. Duk da haka ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Na koma ofis ina murna na samo shiri. Ina kunna kaset sai na ji kamar an zuba mutanen nan a turmi an kirɓa. Muryoyin duk suna nan, amma sun hau kan juna, injin da ban ma damu da shi ba ya zama shi ne babban baƙo mai jawabi. Minti 40 na ɗauko, da ƙyar na tsira da 6.

Abin da ya zube a hanya tsakanin zaure da kaset shi ne mazaunin kowa. A zaure kunnuwana biyu, ƙwaƙwalwata ta san Arɗo na dama, dattijo na bakin ƙofa, inji na waje. Da wannan sanin take tsince muryar da nake so ta danne sauran, ba sai na roƙe ta ba. Makirfo ɗaya kuwa bai san dama ba bai san hagu ba. Manhajar da ke wayarka ita ma an gina ta ne bisa zaton mutum ɗaya ke magana, sauran sun yi shiru suna jiransa, abin da ba a taɓa yi ba a wurin ciniki.

A 1953 wani Baturen Ingila, Colin Cherry, ya yi gwajin da har yau ake ambato. Ya naɗi jawabi biyu da muryar mutum ɗaya, ya gauraya su ya kunna wa mutane a kunnuwansu biyu. Sai sun yi ta maimaita saurare kafin su warware wanne ne wanne. Da ya raba, wannan a kunnen dama wancan a na hagu, nan take kowa ya bi wanda aka ce ya bi. Har aka sauya harshen jawabin da ba sa bi daga Turanci zuwa Jamusanci, galibinsu ba su lura ba.

To, a Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka akwai ɗakin binciken Farfesa Shyam Gollakota, wanda ya daɗe yana koya wa hedifon zaɓen abin da zai jiyar da mai shi. Ɗalibinsa Tuochao Chen ya je wani gidan tarihi a Meksiko, ba ya jin Sifaniyanci, ya saita wayarsa wajen mai yi musu bayani don ta fassara, surutun wurin ya hana ta fito da abin kirki. Ka ga jirgi ɗaya ya kwaso ku. A ƙarshen Afrilun 2025 suka gabatar da abin da suka haɗa a wani taron masana kwamfuta a Yokohama ta Japan, da sunan Spatial Speech Translation. Ni dai zan riƙa ce masa fassara mai shiyya.

Hedifon ne irin na kasuwa mai toshe hayaniya, suka maƙala masa makirfo a kowane kunne. Na'urar na ta lalubar kewayenka kamar rada, tana ƙirga mutum nawa ke magana da shiyyar da kowa yake. Sai ta ware kowace murya a gefe, ta fassara ta ita kaɗai. Wurin da ya fi burge ni shi ne mayarwar: fassarar ba ta zuwa da muryar nan ta inji mai karanta komai da sauti ɗaya, tana zuwa ne da kamannin muryar mai maganar da ƙarfinta, kuma daga shiyyar da yake zaune. Da a ce ta iya Sinanci da Hausa, da ka ji "albarka" da muryar mace daga hagunka, ka san uwar gida ce ta hana, ita za ka lallasa. In mutum ya tashi ya canza wuri, muryarsa ta bi shi. Sun gwada a wurare 10, cikin ɗaki da waje, kuma a wani gwaji da mutum 29 masu sauraro sun fifita shi a kan wanda ba ya bin mazaunin masu magana.

Sai dai harsuna 3 kacal aka koya masa, Sifaniyanci da Jamusanci da Faransanci, duk zuwa Turanci. Hirar yau da kullum yake iyawa, ba kalmomin sana'a ba, balle sunayen yadi. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar M2 ta Apple ce ke yi masa aikin. Ko da an koya masa Sinancin gwamnati ma, mutanen Guangzhou, Gwanzu a bakinku, suna da nasu yaren na Kanton, kuma in mai kamfani da matarsa na son su ɓoye maka zance can za su koma, kamar yadda ku ma kuke komawa Hausa a gabansu.

Ƙananan iyafis ɗin da ake tallatawa da sunan masu fassara, mafi yawansu iyafis ne na Bluetooth kawai, manhajar da ke waya ce ke aikin, kuma tana buƙatar intanet. Apple ya sa fassara kai tsaye a iyafis ɗinsa na AirPods a Satumban 2025, ya fara da harsuna 5, ba Hausa a ciki.

Kafin abin ya iso, ga dabarar talaka. Ka roƙe su ɗaya bayan ɗaya, ka kai wayar kusa da bakin mai magana maimakon ka ajiye ta tsakiyar tebur. Ka tuna manhajojin Google ba sa buɗewa yadda ka saba a can, WeChat kuwa na fassara rubutu, kuma rubutu na zama shaida. Farashi kam kada ka taɓa karɓarsa ta kunne. A Sinanci 4 "si" ne, 10 kuma "shi", 14 "shi-si", 40 "si-shi", mutanen kudu da yawa kuma ba sa bambanta sautukan biyu sosai. Ga shi manyan kuɗi da dubu goma-goma suke ƙirga su, abin da suke kira "wan". A danna maka a kalkuleta ka gani da idonka.

Malam, ni ɗalibar kimiyya ce. Abin da ban gane ba, lasifika biyu ne kawai manne da kunnuwana. Ta yaya za su sa in ji murya na fitowa daga bayana ko daga nesa? Ba yaudara ba ce?
*Wata ɗaliba daga Zariya*

Yaudara ce mana, ƙanwata, amma irin wadda ƙwaƙwalwarki ta yarda a yi mata. Ai ko a fili ma ƙofa biyu kawai sauti ke da ita zuwa cikin kanki. Duk "gaba" da "baya" da kike ji lissafi ne da ake yi a ciki.

Sauti na gudun kimanin mita 343 a sakan ɗaya. In an tafa hannu daidai gefen damanki, sai ya zagaya kanki kafin ya isa kunnen hagu, tafiyar santimita 22 ko 23. Ki raba ki gani: makarar ba ta wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 10,000 na sakan ba. Wannan ita ce mafi girma ma. A ɗakin gwaji an samu mutane na gane bambancin kashi 1 cikin 100,000 na sakan. Bayan makara akwai inuwa. Kanki na tare sauti kamar yadda bango ke tare rana, don haka kunnen da ke nesa ya fi jin abin a raunane. Siririn sauti irin na usur ya fi taruwa, mai kauri irin na tambari kuwa zagaye kan yake yi ya wuce, shi ya sa a nan makarar ce ke aiki. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ya tsara wannan bayani tun 1907.

Amma sautin da ke gabanki daidai da wanda ke bayanki daidai, lokaci ɗaya suke isa kunnuwa biyu, da ƙarfi ɗaya. Nan fatar kunne ke shigowa. Lungu da saƙon nan nata ba ado ba ne. Sauti na bugun su ya ɗan canza launi gwargwadon inda ya fito, sama ko ƙasa, gaba ko baya, kuma tun kina jaririya ƙwaƙwalwarki ke haddace yadda naki kunnuwan ke canza shi.

Ki gwada da ƙaninki yau da daddare. Zaunar da shi tsakar gida, ɗaure masa ido da kallabi, ki ce kada ya motsa kai. Ki cire takalmi ki riƙa zagaya shi kina ɗan ƙyasta yatsa sau ɗaya, shi kuma ya nuna da hannu. Dama da hagu ba zai kuskure ba. Ki tsaya bayan ƙeyarsa daidai, za ki ga wani lokaci ya nuna gaba. Sannan ki ba shi izinin juya kai, ki daɗe kina karkaɗa makullai: kuskuren zai kusan ɓacewa, don da ya ɗan karkata sai kunne ɗaya ya riga ɗaya. A ƙarshe ya toshe kunne ɗaya da yatsa ki ga yadda zai rikice. Ni da na yi da yarana, ƙaramin cewa ya yi ina tashi sama.

Wannan ne ma dalilin da gyare ke wahalar da mu in ya shiga ɗaki. Kukansa siriri ne, kusan sauti ɗaya, gajere, yana dukan bango ya dawo, ga shi da an matso sai ya yi tsit. Wasu mujiyoyi kuwa an halicce su da kunne ɗaya sama da ɗayan, don su san tsayin inda motsin ɓera yake cikin duhu.

Injiniyoyi sai suka auna duk wannan. Suna sa mutum, ko kan roba mai kunnuwa, a ɗakin da ba ya amsa kuwwa, da ɗan makirfo a cikin kowane kunne, su riƙa zagayawa da lasifika suna rubuta yadda sauti ke isowa daga kowace kusurwa. Da wannan jadawali kwamfuta za ta ɗauki kowace murya ta yi mata makarar da inuwar da launin da suka dace da, misali, bayanki ta hagu, ki waiwaya ba kowa. Saura abu ɗaya: in kin juya kai dole muryar ta tsaya inda take, ba ta juya tare da ke ba, in ba haka ba ƙwaƙwalwa ta gane cikin kai abin yake. Shi ya sa ake sa na'urar jin motsi a iyafis, kamar yadda Apple ya yi tun 2020. Kuma da yake kunnen kowa daban ne, daga 2022 iPhone na iya duba siffar kunnen mai ita da kyamara ta daidaita masa.

Na'urar fassarar nan hanyar take bi sau biyu. Da makara da inuwa take gano inda mai magana yake, da su kuma take mayar da fassarar wurinsa.

Malam, barka da aiki. Shekarata 18 ina tafinta tsakanin Faransanci da Hausa a tarurruka. Yarana na ce mini in nemi wata sana'a. Na ji an ce na'urar nan sakan 2 kawai take jira. Ka faɗa mini gaskiya.
*Wani tafinta daga Yamai, Nijar*

Barka kadai, Malam. Jiran nata tsakanin sakan 2 ne zuwa 4, kuma akwai abin dariya a ciki wanda kai ba zai ba ka mamaki ba. Da aka ba mutane zaɓi, yawancinsu sun fi son wadda ke jira sakan 3 zuwa 4 a kan mai saurin sakan 1 zuwa 2, don mai saurin ta fi tafka kuskure. Wato injin ya gano abin da kowane tafinta ya sani tun ranar farko: ba a fassara maganar da ba ta sauka ba. In Bafaranshe ya fara da "quatre" ka yi azarɓaɓi ka ce huɗu, sai ya ƙarasa ka ga ashe 97 yake nufi. Bajamushe kuwa sau da yawa sai ƙarshen jimla yake ajiye aikatau, ka yi ta riƙe numfashi ba ka san ko an saya ko an sayar ba.

Sana'ar taku ta fassara ana cikin magana ba ta ma daɗe ba. A shari'ar Nuremberg, wadda aka fara yi wa manyan muƙarraban Hitler a Jamus a Nuwamban 1945, ta yi suna, inda aka yi aiki da harsuna 4, Turanci da Faransanci da Jamusanci da Rashanci, da kayan kamfanin IBM. An sa fitila a gaban masu magana: rawaya na nufin a rage sauri, ja na nufin a tsaya. Ka ga tun ran gini tun ran zane, mutum ma sai da aka ba shi hanyar cewa a dakata.

Gaskiyar da ka nema ita ce wani yanki na aikin zai tafi. Tambayar hanya, karɓar ɗaki a otal, cinikin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wannan na waya ne tun yanzu, a manyan harsuna. Amma ka ɗauki tsohuwa a taron wata ƙungiya a Maraɗi ta ce ta sayi gishiri dala ashirin. Kai ka san sefa 100 take nufi, don dala ɗaya sefa 5 ce. Inji zai ce wa Bature dalar Amurka 20, Bature ya rubuta a rahoto. Ta ce jikka guda, kai ka san sefa 1,000 ce, ɗan Kano na dā kuma in ya ce jaka naira 200 yake nufi, inji ya kawo musu jakar zuba kaya. Ban ma shiga habaici ba, ko "to, sai mun gani" ɗin da mai gari ke yi alhali ya riga ya ƙi.

Ni abin da nake fata a ba ku aron dabarar. Ka san yadda ake yi in mutum biyu na gardama a kan mumbari kai kuma kana cikin ɗan akwatinka: wannan ya ce na yarda, ka ce na yarda, wancan ya ce ban yarda ba, ka ce ban yarda ba, da murya ɗaya, mai sauraro na ta raba ido yana neman wanda bakinsa ke motsi. Da za a ɗauki muryarka a ajiye ta dama in na dama ke magana, a mayar da ita hagu in na hagu ya karɓa, da rabin ruɗanin ya kau, kuma wannan ba ya buƙatar injin ya iya Hausa ko kalma ɗaya. Ka ce wa yaran su kwantar da hankali.

Ɗana, ina da niyyar sauke farali bana in Allah ya yarda. Ba na jin Larabci sai na salla, Turancina kaɗan ne. Zan iya samun irin wannan abin da zai riƙa faɗa mini da Hausa?
*Wata Hajiya daga Zangon Kumasi, Gana*

Allah ya sa ki je lafiya ki dawo lafiya, Mama, ya karɓi ibada. Bana kam kada ki sa rai da shi.

Ba kunnuwan na'urar ne matsala ba, ɓangaren gano shiyya bai damu da wane harshe ake yi ba. Bakinta ne bai iya Hausa ba. Irin waɗannan na'urori da saurare suke koyo, kamar yaro, sai dai su sai sun ji dubban sa'o'i na magana haɗe da rubutunta. Wata shahararriya mai suna Whisper da aka fitar a 2022, da sauti na sa'o'i 680,000 aka horar da ita, kusan kashi 2 cikin 3 Turanci ne. Hausa na cikin jerin harsunanta, amma abin da ta samu ɗan tsakure ne. Google Translate ya sa Hausa tun ƙarshen 2013, kuma a rubuce ya yi nisa. Magana ce ke da wuya, don rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kuka na yaro da kuka ta miya, gari na mutane da gari na tuwo, wuya ta wahala da wuya na sarƙa, duk rubutu ɗaya ne, baki ne ke raba su. Sannan wace Hausar? Ta Kano daban, ta Sakkwato daban, ta Damagaram daban, taku ta Zango ma da nata zubin, inda ba a cika raba "ya" da "ta" ba. Injin da ya tashi da jin labaran rediyo kaɗai zai yi ta tuntuɓe a bakinki.

Ana dai ƙoƙari. Wani shiri mai suna NaijaVoices ya tara sa'o'i 1,800 na Hausa da Yarabanci da Ibo. Akwai kuma Common Voice na Mozilla, inda kowa zai iya shiga ya karanta jimlolin Hausa kyauta a ajiye. Ki sa jikokinki su shiga, muryoyin Zango ake nema ruwa a jallo.

Ko da ta iya Hausa ma, an yi ta ne don zaman mutane ƙalilan. Mina da wurin jifa ba wurinta ba ne. Abin da zai amfane ki yana nan tuni: huɗubar Arfa da ake yi a masallacin Namira ana fassara ta kai tsaye zuwa harsuna da dama har da Hausa, kuma mutane ne ke fassarawa. Ki tambayi malaman bitarku yadda ake kama ta a waya. A kasuwannin Makka kuwa za ki sha mamaki, Hausawa sun yi zuriya a can, masu shaguna da yawa da Hausa za su kira ki. Katin da ke ɗauke da sunan masaukinki da Larabci kada ya bar wuyanki.

Allah gafarta Malam, in na'ura za ta iya magana da muryata a harshen da ban iya ba, me zai hana ɓarawo ya kira iyalina da ita?
*Wani malamin allo daga Garwa, Kamaru*

Babu abin da zai hana, Malam, kuma ana yi, tun kafin wannan na'urar. Su ma masu binciken sun ga haka, shi ya sa suka tsara komai ya gudana a cikin na'urar da ke hannun mutum, ba a tura muryar kowa ta intanet ba. Sai dai wannan nasu ne, ba kowane kamfani zai bi ba. Ni a gidana mun tsayar da wata kalma da mu kaɗai muka sani. Duk wanda ya kira da muryata yana neman a turo kuɗi da gaggawa, a tambaye shi kalmar, ko a kashe a sake kiran lambata.

Ni tsohon direba ne, shekarata 71, kunnena na hagu ya mutu tun wani haɗari da na yi. Jikana ne ke rubuta mini. Wannan abin na masu kunne biyu ne kawai?
*Wani dattijo daga Azare*

Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Rabi naku ne, rabi ba naku ba. Jin shiyya sai da kunne biyu, kuma na san kun fi ni sani, tunda in an kira ku a tasha sai kun juya ko'ina kafin ku ga mai kiran. Wannan na'urar ba za ta dawo da shi ba. Amma wahalar da kuka fi sha, wato tsince murya ɗaya cikin hayaniya, ita makirfo biyun ne ke yin ta, ba kunnenku ba. Za a miƙo muku magana a tace, kowa da kamannin muryarsa, ku san wannan mace ce wancan yaro ne ko da ta ƙofa ɗaya suka shigo.

Kafin nan akwai abu biyu. Ana yin wata na'urar taimakon ji musamman don irin larurarku: ɗan makirfo a mataccen kunnen, yana aika abin da ya ji zuwa mai lafiyar. Ku tambayi likitan kunne a babban asibiti ko ta dace da ku. Na biyun kyauta ne. In kuna saurare da iyafis, akwai abin da ake aikawa hagu kaɗai wanda ke wuce ku. Jikan naku ya shiga saitin wayar, sashen masu larurar ji da gani, ya kunna wurin da aka rubuta Mono audio, komai zai taru ya zo ta dama. In ya nema bai gani ba, ya rubuto mini sunan wayar.